Shekarar da Aka Biya Malam Labbo Ya Yi Tunani

A shekarar 1978, Malam Labbo yana koyar da lissafi a wata sakandare a Gummi. A lokacin babu waya a yankin, sai rediyon oba-oba da ke ofishin ƙaramar hukuma a Anka. Ta wannan rediyo aka aiko saƙo daga Sakkwato cewa ƙanensa Namadi, wanda ke kwance a asibiti, ya taso. Layin yana ta ƙara, mai karɓar saƙon ya rubuta "ya rasu". Kwana biyu mahaifiyarsu Inna tana karɓar gaisuwa a garinsu Bukkuyum, sai ga Namadi ya sauko daga mota da jakarsa a kafaɗa.

Gari ya yi dariya ya manta, amma Labbo bai manta ba. Tambaya ɗaya ta riƙe shi: alamomi nawa ne mafi ƙaranci da za a ƙara wa saƙo, yadda ko hanya ta ɓata shi, mai karɓa zai gano kuskuren ya gyara da kansa? Bayan la'asar yakan zauna gindin darbejiya yana cika takardun jarrabawar bara da sifili da ɗaya.

Matarsa Safiya ta taɓa leƙawa ta ce, "Malam, wanga aiki mi za ya haifa?"

Ya ce, "Ni ma shi nika son in sani."

Shekara uku yana haka, sai ya ga sanarwa a jarida: wata gidauniya tana ba da tallafin bincike kan tushen ilimin kwamfuta da sadarwa. Labbo bai taɓa ganin kwamfuta da idonsa ba, amma ya cika takarda ya aika. Aka kira shi ganawa a Sakkwato. Safiya ta goge masa farar rigarsa da dutsen guga na gawayi.

Mutum biyar ne a teburin. Shugabansu ya ce, "Wace na'ura kake so a saya maka?"

"Ba na son na'ura, ranka ya daɗe. Lokaci nake so, da littattafai."

"To me za ka kawo mana a ƙarshe?"

"Hujja. Ko dai abin yana yiwuwa, ko in nuna dalilin da ya sa ba ya yiwuwa."

Biyu suka yi murmushi. Amma wata malama mai suna Dakta Aisatu ta ja takardunsa gabanta, tana bi da bakin biro. Can ta ɗago ta ce, "Layi na tara akwai kuskure. Sauran kuwa ban taɓa ganin an bi ta nan ba. A ba shi."

Aka ba shi shekara guda ba shiga aji, da izinin zuwa ɗakin karatu a Zariya. Bai ƙara samun shekara mai daɗinta ba. Yakan tafi a motar kasuwa, ya dawo da mujallu masu ƙamshin sabuwar takarda. Ranar da layi na tara ya gyaru, da hantsi ne, yana tsaka da shan fura. Ya miƙe ya zagaya tsakar gida ba takalmi, har Safiya ta ɗauka kunama ce ta harbe shi.

Aikin ya fito shafi huɗu a wata mujalla. Yana shirin kashi na biyu aka shiga tsuke bakin aljihu, gidauniyar ta rufe. Labbo ya koma aji, ya ci gaba da koyar da lissafi har ya yi ritaya. Kashi na biyun bai kammalu ba.

Da ya tsufa a Bukkuyum, in tsofaffin ɗalibansa suka zo gaisuwa suna jajanta masa yadda bincikensa ya tsaya, sai ya girgiza kai.

"Ku bar tausaya mini," yakan ce. "Ni an taɓa zaunar da ni shekara guda, anka ce in yi tunani. Cikinku wa ya samu haka?"