Injin da Ba Ya Jin Kunyar Baffa

Wata biyu Juwairiyya tana ɗauke da magana a bakinta ta kasa furtawa: Baffa Bubayero ne ke ɓata manhajar.

Shi ya ƙirƙire ta, bayan ya yi ritaya daga koyar da kwamfuta a Dutse. Aikinta ɗaya: ta aika wa makiyaya saƙon tes kwana uku kafin ranar rigakafin shanu, ba sai wani ya zauna yana latsa waya ba. Ya bar rubutunta a buɗe a intanet, kowa na iya sa hannu ya gyara. Mutum shida ke taimakawa, har da Juwairiyya, 'yar wansa, wadda shi ya fara ɗora mata yatsu a kan kwamfuta.

To amma Baffa mutum ne mai gaggawa. Da tunani ya zo masa zai rubuta ya tura, ba gwaji ba komai. Gyaransa na baya ya sa manhajar ta daina gane duk sunan da ya fara da harafi mai ƙugiya. Wani Malam Ɗanmusa na Buji bai samu saƙo ba, shanunsa talatin suka rasa allura. Juwairiyya ta gyara a ɓoye. Bayan mako biyu Baffa ya sake dawo da kuskuren. Abin ya dame ta ƙwarai, ga wani rigakafin na tafe, amma 'yar Fulani ba ta duban ƙanin mahaifinta ta ce ya yi kuskure.

Sai ta nemo wanda zai faɗa a madadinta. Ta kwana uku tana haɗa tsarin gwaji: duk wanda ya turo gyara, injin zai fara jarraba shi da sunaye ashirin, su Ɗanmusa, Ƙasimu, 'Yar Baba. In ya wuce, alama ta yi kore. In ya faɗi, ta yi ja, gyaran ba zai shiga ba. Ko a nan ma kunya ba ta bar ta ba. Saƙon da injin zai nuna ta rubuta shi haka: "Allah ya ƙara girma, a yi haƙuri, da alama akwai ɗan abin da ya kamata a sake dubawa."

Ranar Talata da hantsi Baffa ya turo gyara. Ja.

Ba a yi minti goma ba wayarta ta yi ƙara.

"Juwairiyya, wane ne wannan mai gaishe ni kamar zai roƙi aron babur?"

"Injin gwaji ne, Baffa."

"Injin ne ya koyi Allah ya ƙara girma?"



Ta ji yana latsa kwamfuta, yana karanto sunayen gwajin a hankali. Da ya zo kan Ɗanmusa sai ya tsaya.

"Wannan ba sunan gwaji ba ne. Mutum ne. Na san shi, a Buji yake." Muryarsa ta sauka. "Tun yaushe?"

"Wata biyu, Baffa."

"Ke kike gyarawa?"

"Eh."

Bai kashe wayar ba, ya gyara kuskuren ya sake turowa. Can alamar ta koma kore, Juwairiyya ta ji wani sanyi a ranta.

"Injin ya zauna, na gode," in ji shi. "Amma ki cire gaisuwar nan. Ki sa ya riƙa cewa, Bubayero, ka manta da mutum."