Yatsan Malam Ɗanliti

Hajo tana cikin takaba, kwana ashirin da rasuwar mijinta, aka ce mata wata mata daga asibiti tana sallama a zaure. Tun kafin baƙuwar ta cire takalmi ta san abin da ya kawo ta.

Mijinta, Malam Ɗanliti, tela ne a Ƙofar Kaura, mutum mai kunyar jikinsa. Ko a tsakar gidansa ba ya zama babu riga. Hawan jini ya kayar da shi a kan keken ɗinki, ɓarin dama ya shanye, baki ya mutu, sai ido kawai. Ya yi wata biyu a gadon asibiti, har kwanciya ta fara cin bayansa.

A ɗakin akwai wata nas, Sista Zulaihat, wadda ke juya shi da hannunta ba ta yatsina fuska. Wata safiya ta zauna gefen Hajo da takarda. Ta ce tana bincike ne kan gyambon kwanciya, ana gwada wata sabuwar hanyar wanke shi, kuma duk bayan kwana uku za a ɗauki hoton bayan majinyaci don a ga ko yana warkewa. Ta karanta mata komai da Hausa, a hankali. Ta ce tunda Malam ba zai iya cewa e ko a'a ba, wanda ya fi kusa da shi ne zai yanke, ya dangwala nasa yatsan a layin ƙasa, don layin sama na majinyaci ne.

“Inna, in kin ce a'a ba abin da zai canza. Yadda nake kula da shi haka zan ci gaba.”

Sai aka kira ta wani gado, ta bar takardar da tawada a kan benci.

Hajo tana son gyambon ya warke. Ta kuma san Malam ba zai taɓa yarda a kware masa baya a ɗauki hoto ba. Shekara talatin da huɗu da aurensu ba ta taɓa yanke magana a kansa ba. Ko ƙuri'a sai ya faɗa mata inda za ta dangwala. Ta ga kamar idan yatsansa ne a takardar, to shi ya yarda. Ta kamo hannunsa na hagu, mai sauran ƙarfi. Ya ɗan janye, ta riƙe. Ta danna babban yatsansa a tawada, ta danna a layin sama, yana kallon ta. Sista ta dawo da sauri, ta ga shuɗin yatsa a takarda, ta yi godiya ta sa a jaka ba ta duba layin ba.

Da la'asar ƙanensa Alhaji Salihu ya zo dubiya, ya ga tawadar, ya tambaya. Hajo ta ce, “Ma'aikatan ne.” Kalma biyu, ta wuce ɗauko ruwa.

Bayan Malam ya rasu an yi addu'ar bakwai, Alhaji ya kai ƙara wurin kwamitin asibitin, masu duba kowane bincike don kada a cuci majinyaci. Suka zaro takardar, suka ga yatsan mutumin da likita ya rubuta ba ya iya magana tun ranar da aka kawo shi. Aka dakatar da Sista Zulaihat. Hajo ta ji labarin a bakin masu zuwa gaisuwa, ta ɓoye gaskiyar a cikinta.

Baƙuwar dattijuwa ce, Hajiya Madina, tsohuwar nas ce da ke cikin kwamitin. Ta ce sun san mai takaba ba ta fita, shi ya sa ta zo da kanta. Alhaji Salihu ma ya zo, ya zauna a bakin ƙofa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi wa mamaci addu'a. Sannan Hajiya ta ce Sista Zulaihat ta rantse ba ta taɓa hannun Malam ba, amma ta amsa laifin rashin dubawa. Idan an tabbatar ita ta dangwala, aikinta ya ƙare ke nan. Ta tambayi Hajo ko tana wurin.

“Ai ta faɗa mini,” in ji Alhaji. “Su ne.”

Hajo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta kalli tabarma ta ce, “Ni ce.”

Ta faɗi komai, har janye hannun da ya yi, ba ta rage ba. Hajiya Madina tana rubutawa ba ta ɗago kai ba. Da ta gama ta ce da ma doka ta ba Hajo ikon amsawa a madadinsa, da yatsanta ta sa da babu wanda zai ce uffan. Wannan ya fi yi wa Hajo zafi. Alhaji ya ce shi da ya je ya ɗaga wa mutane murya a ofis, da wane ido zai koma. Ya tashi ya fita, bai yi mata sallama ba.

Kwamitin ya cire hotunan Malam daga binciken, ya rubuta wa Zulaihat gargaɗi, ya mayar da ita aiki. Aka kuma ce daga yanzu sai an dangwala a gaban shaida.

Ran wata Juma'a Zulaihat ta zo ta'aziyya, ta rame. Hajo ta nemi gafara. Yarinyar ta ce ta yafe, ita ma da ta duba da ba a kai haka ba. Aka fara kiran salla daga masallacin unguwa.

Can Hajo ta tambayi abin da ya hana ta sakewa, don ita duk ranar hoto fita take yi ta tsaya a baranda. Ta ce, “Idan kun kware masa riga, me yake yi?”

Zulaihat ta dube ta. Sai ta ce, “Rufe ido yake yi, Inna. Har mu gama.”

Hajo ta gyaɗa kai. Ta ce mata ta sha ruwa kafin ta tafi.