Tibiri Biyu

Shekara ashirin da shida Malam Halilu yana riƙe da takardun ma'aikata a ofishin wata ƙungiyar kiwon lafiya a Dogon Dutsi. Ambaci sunan ma'aikaci, ya faɗa maka garinsu har da na kakarsa. Sai aka kawo kwamfuta, aka tura su Dosso horon kwana uku. Biyu daga ciki a neman wurin kunnawa suka ƙare masa.

Ana haka Hure, wata ungozoma, ta kawo takardar neman a maida ita Tibiri. Mahaifiyarta na can kwance, ɓarin jiki ya shanye, ba mai juya ta.

"Baba Halilu, ka taimake ni. Ni ɗai ag gare ta."

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Da hannuna zan shigar."

Da hannunsa kuwa ya shigar, da yatsa ɗaya, yana gumi. Ya rubuta Tibiri, na'ura ta fito da guda biyu, ya danna na sama. Allah sarki, na saman Tibirin Gobir ne, can gefen Maraɗi, ba nasu na nan kusa ba.

Bayan kwana huɗu ya gano kuskuren. Gyaran minti biyu ne ga wanda ya iya, kuma mutum uku a ofishin sun iya. Amma duk shi ya koya musu aiki, sai bakinsa ya yi nauyi. Kullum ya ce gobe, ya zauna yana latse-latse shi kaɗai, har jerin sunaye ya tafi Yamai aka sa hannu.

Hure ta je wajen shugaba da kuka. Ya juyo mata allon kwamfutar.

"Madam, ga abin da ordinatar ta nuna. Tibiri kika nema, Tibiri aka ba ki."

Ta tafi Tibirin Gobir, don aiki ne ke sayen maganin tsohuwa. Wata biyu tsohuwar ta cika. Hure na cikin mota wajen Ƙonni, tana hanyar dawowa, aka rufe tsohuwar.

Halilu ya je gaisuwa, ya durƙusa a bakin tabarma. Hure ta ɗago jajayen idanu.

"Baba, har ka taso? Kar ka sa wa ranka komi. Na san ka yi iyakar ƙoƙarinka, injin nan ne bai da tausayi."

Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya. Mata cike da tsakar gida, duk suna dubansa.

"Haka ne, ɗiyata," ya ce.