Katin Yaya Bai Fito Ba

Auta ce ke riƙe da kwamfutar ofishin ma'aikata a kamfanin ɗinkin riguna, kuma duk aikin da ya shafi allo da waya kanta yake ƙarewa. Shi ya sa da aka kawo kwalaye huɗu na sababbin katunan shiga, ba a ko tambaye ta ba, aka dire mata su a tebur. Kowane kati da ɗan guntun na'urar da ake kira NFC a cikinsa, siriri kamar ɓawon albasa. Mutum ya kara shi a jikin sabuwar ƙofa, ta yi ƙara, ta buɗe. Manaja ya turo mata jerin sunaye, ya ce a gama yau, Litinin ƙofar za ta fara aiki.

Aikin ba wuya, sai ciwon wuya. Ta loda jerin a manhajar, ta jona ɗan faifan da ke rubuta bayani a cikin kati da kwamfutar. Ta ɗora farin kati, ya yi ɗit, layin ya koma kore, manhajar ta zuba suna da lamba da sashe a ciki, ta sauka layi na gaba. Ita kuma ta manna takardar suna, ta jefa a kwandon sashensa. Masu yanka, masu keke, masu maɓalli. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya hannunta ya daina jiran idonta.

Da ta iso sashen guga sai ta gyara zama. Nan yayarta take, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarsu, wadda ta yi shekara goma sha tara a tsaye gaban dutsen guga, kuma ita ce ta yi ta zarya har aka ɗauki Auta aiki. Auta ta ƙudura ita za ta kai mata katin da hannunta. Sashen ya ƙare, sunan Yaya bai zo ba.

Ta nemi sunan a manhajar, babu. Ta buɗe tsohon jerin ma'aikata, ta jera shi kusa da sabon. Mutum arba'in da biyu ne suka ɓace, kuma ba kuskuren yatsa ba ne: duk waɗanda suka fi daɗewa ne, masu furfura da masu ciwon gwiwa.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar Manaja ba, ta faɗa ciki kawai.

"Yallaɓai, jerin nan bai cika ba."

Bai ɗago daga wayarsa ba. "Ya cika. Ke dai rubuta abin da aka ba ki."

"Mutum arba'in da biyu babu. Har da yayata."

"An rage ma'aikata ne. Daga sama abin ya zo."

"An gaya musu?"

"Za su sani Litinin."

"Wa zai gaya musu?"

Sai a lokacin ya dube ta, ya yi ɗan murmushin da ya fi zagi ciwo. "Wanda ba shi da kati ba zai shiga ba. Mai gadi zai miƙa musu takarda a waje. Ba na son koke-koke a cikin kamfani."

Auta ta matso gaban teburinsa. "Wato ƙarfe ne zai sallame su? Mace ta bar ƙuruciyarta a gaban tururi, duk hannunta tabon ƙuna, ta zo da sassafe da kwanon abincinta, ƙofa ta ce mata koma gida a gaban jama'a? Yallaɓai, wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski. Kai ne manaja, kai za ka buɗe baki ka faɗa!"

"Ki iya bakinki. Sunanki yana cikin jerin, ki gode Allah. Cire layi ɗaya ba ya ɗaukar minti."

Ta koma teburinta. Ga fararen katuna sun rage a kwali, ga manhajar a buɗe. Da ta ga dama, cikin minti goma sha biyar ta ƙara layi arba'in da biyu ta buga wa kowa nasa. Amma me zai tsinana? Su shiga Litinin, a fito da su Talata kamar ɓarayi. Ta buga tebur har kwandon masu keke ya kife. Sannan ta fitar da sunayen a takarda, ta sauka ƙasa daidai lokacin da aka fara fita hutun rana.

Yaya na zaune kan damin riguna tana murza ƙafarta. Auta ta ja ta gefe ta miƙa mata takardar. Yaya ta karanta a hankali, tana bin layin da yatsa, ta tsaya a kan sunanta.

"Wa ya aike ki?" ta ce. "Ke wace irin yarinya ce? Ni an kore ni, ke ma sai kin jawo an kore ki? Mu ci me, baƙin cikinki?"

"To da in bar ki ki ji a bakin ƙofa?"

"Da kin zo gida kin raɗa min!"

"Sauran arba'in da ɗayan fa, Yaya? Su wa zai raɗa musu?"

Yaya ta harare ta, ta ja tsaki mai tsawo. Sai ta miƙe, ta zare wayar dutsen gugarta daga bango, ta hau kan benci, ta fara kiran sunaye da ƙarfi. Kekuna suka yi tsit ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aikatan ba su fasa komai ba. Sun dai hau bene, suka cika barandar ofishin Manaja, waɗanda aka cire da waɗanda ba a cire ba, suka ƙi motsi. Sai da ya fito, gumi na bin wuyansa, ya faɗa da bakinsa. Wata tsohuwa mai maɓalli ta sa ya maimaita sunanta sau biyu, ta ce ba ta ji ba.

Ba a mayar da kowa ba. Abin da suka samu shi ne wa'adin wata guda da takardar shaidar aiki mai sa hannu. Auta kuwa aka dakatar da ita sati uku, aka ce in ta dawo sito za ta koma ƙirga kwalaye, ba ita ba kwamfuta.

A hanyar gida Yaya ta yi gaba abinta har suka wuce tasha. Sai a bakin lungunsu ta juyo.

"Tunda kin zama mara aikin yi, gobe ki zo da biro. Ba ni kaɗai ba ce, mu shida ne ba mu iya rubuta takardar neman aiki ba. Kuma kada ki kuskura ki sa shekaruna na gaskiya."