Gaskiyar Illo Mai Takalma

Duk wanda ya saba da kasuwar Sabon Birni ya san teburin Illo, ba don kyan takalmansa ba, sai don wani hali nasa da 'yan kasuwa suke ɗauka wauta ce. Kana ɗaukar takalmi ka juya shi, ka ga tambarin wani babban kamfanin Turai yana ƙyalli, kafin ka buɗe baki Illo ya tare ka.

"Jabu na, malam. Tambarin ga ado na kawai. In ka lallaɓa shi, shina kai ka babbar Sallah."

Illo ba ɗan kasuwa ba ne tun asali. Manomi ne a Gangara, mai gero da dawa, har ranar da 'yan bindiga suka cinna wa rumbunansa wuta yana kwance cikin kara yana kallo. Ya kwaso matarsa Basira da yara suka yo Sabon Birni, ya sayar da saniyar da ta tsira, ya zuba kuɗin a takalma. Daga Maraɗi kayan suke zuwa a bayan babur, ta Burkusuma. Buhu ɗaya ake kwancewa a raba, rabi teburin Illo, rabi teburin maƙwabcinsa Jibrilla.

Shi Jibrilla bakinsa ya fi takalman santsi. Rantsuwa ba ta yi masa nauyi, kuma kafin la'asar teburinsa ya yi fayau, na Illo yana nan kamar ba a taɓa ba.

"Kai Illo, kasuwa kaz zo ko wa'azi?" in ji Jibrilla.

"Gona ta tahi, rumbu ya tahi," Illo ya ce. "Maganata ɗai tar rage mani. Ita kam ban saida ta."

Wata ranar kasuwa, da hantsi, sai ga motoci daga Sakkwato ɗauke da jami'ai, da wani lauyan kamfanin takalman yana ta zufa cikin kwat. Abin takaici, hanyar nan ce dai da ake cewa ba ta biyuwa duk sa'ad da ƙauyuka suka yi kukan neman agaji. Ashe in don takalmi ne tana biyuwa lafiya lau.

Da Jibrilla suka fara. Babban jami'in ya ɗaga takalmi ɗaya ya tambaye shi ko ya san jabu ne. Nan take Jibrilla ya dafe kai, ya yi salati, ya rantse cewa shi ma cutarsa aka yi, a matsayin na asali ya saro. Har ƙwalla ya matso. Jami'in ya ce wanda aka yaudara daban, wanda ya sayar da jabu da saninsa daban. Suka ɗebi na saman tebur, suka ja masa kunne, suka bar masa buhun da ke ƙasa.

Sai aka zo kan Illo. Jami'in ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Ya dubi tsohuwar rigar Illo da kaushin ƙafarsa, ya buɗe masa ƙofa da kansa.

"Kai ma yaudararka aka yi, ko?"

Jibrilla ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Illo ya ji, ya kuma gane.

"A'a, ranka shi daɗe. Na san jabu na. Kowa yaz zo ina hwaɗa mai."

Mutanen da suka taru suka ga dama ce ta taimakon mutumin kirki. Wannan ya ce Illo bai taɓa ɓoye wa kowa ba, wancan ya ce shi shaida ne, ko jiya ya gaya masa. Lauyan ya gyara tsayuwa yana gyaɗa kai, don an sauƙaƙa masa aiki. Da bakin masoyansa aka ɗaure Illo, su kuwa suna ganin kwance shi suke yi.

"To wa nic cuta?" Illo ya tambaya. "Ga masu sayen nan, a tambaye su."

"Kamfanin ka cuta," in ji lauyan. "Sunansu ka sayar."

Illo bai san inda kamfanin yake ba, ko sunan ma bai iya faɗa daidai. Aka tara kayansa kaf a bayan kasuwa, aka zuba fetur, aka ƙyasta ashana don ya zama darasi ga na baya. Ya tsaya yana kallon baƙin hayaƙi, warin roba yana shaƙe shi. Karo na biyu ke nan yana kallon abincin 'ya'yansa yana ci da wuta, sai dai a karon farko ba wanda ya ce masa doka ce. Ya yi 'yan kwanaki a tsare, sai da Basira ta rabu da kwanonin aurenta kafin ya fito.

Jibrilla ne ya tausaya masa, ya ce ya zo ya riƙa tsare masa tebur yana samun na cefane. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: a teburinsa ba a wa'azi. Illo ya tuna tukunyar da ya baro a gida ba a ɗora ba, ya zauna.

Bai daɗe da zama ba sai ga Malam Is'haƙa, dattijon da gonarsa ke iyaka da ta Illo a Gangara, wanda shi ma gudun hijira ya kawo shi. Ɗansa zai yi aure, yana son ya saya masa takalmin da ba zai ji kunya ba a gaban surukai. Ya ɗauki ɗaya, ya kai shi kusa da idanunsa da suka fara dushewa, ya shafa tambarin da yatsa.

"Illo, wanga na asali na?"

Jibrilla yana gefe, ya kasa kunne. Illo ya dubi takalmin, ya dubi bayan kasuwa inda har yanzu ƙasa take baƙa.

"Na asali na, Baba."

Dattijon bai nemi ragi ba. Ya kwance bakin aljihunsa ya biya abin da aka ce, yana murmushi.

"Tunda kai kac ce, shi ke nan. Da wani na, da sai na tambaya gaba." Ya juya ga wasu mutanen Gangara da suka rako shi. "Ku matso ku saya nan. Wurin Illo ba a cuta."

Suka matso. Illo ya sa takalmin a leda ya ƙulle, ya miƙa wa dattijon da hannu biyu. Mai saye na biyu ya ɗaga nasa takalmin ya yi tambaya iri ɗaya, Illo ya ji amsar ta fito masa da sauƙi fiye da ta farko.