Likkafanin Iya Kyauta

"Danne sosai, Safara'u, kada ki dubi askar," in ji Ubale wanzami.

Safara'u ta danne tabarmar da aka naɗe kyanwar a ciki. Wutsiyar kaɗai ce a waje, ta kumbura, ta yi baƙi, tana wari. Kwana shida ke nan da Ya'u, mijin Safara'u, ya sare ta da fartanya, domin 'yan raguna biyu sun mutu masa a mako guda, kuma kullum yana ganin kyanwar a kan danga tana kallon turke. Ubale ya lalubi gaɓa, ya yanke, ya ɗora ƙarfe mai zafi, sannan ya barbaɗa garin bagaruwa. Ya ce shekara talatin yana kaciya da ƙaho tsakanin Gumel da Maigatari, bai taɓa yi wa kyanwa aiki ba, kuma in labarin ya kai kasuwa musawa zai yi.

Mai kyanwar ba ta yi dariya ba. Iya Kyauta ke nan, maƙwabciyarsu, tsohuwa marar ɗa, wadda aure ya kawo daga Damagaram, mijin ya rasu ya bar ta. Kyanwar ma ta tsufa, haƙoranta sun zube. Iya takan ce ita ce ta tsare mata iri daga ɓeraye a shekarar yunwar Kakalaba, har ta yi shuka lokacin da wasu ba su da ƙwaya. Mutanen unguwa ba su manta da wannan shukar ba, sai dai wata fassarar suke yi mata.

Abin da Safara'u ta gani shi ne: a daidai lokacin da askar ta shiga, Iya ta dafe ƙugunta, ta zame ta zauna a ƙasa. Kowa ya san abin da ake faɗa, wai in mayya ta rikiɗa kyanwa aka ji mata rauni, raunin kan bayyana a jikinta.

Washegari Iya ba ta fito daka ba. Da Safara'u ta kai mata kunu, sai ta hangi fararen tsummoki da jini an shanya su a bayan ɗaki, inda ido ba ya kaiwa. Ta tambaya, Iya ta ce na kyanwa ne, ta kau da kai. Safara'u ta yi ta'awizi a zuci. Ina tsohuwar da ba ta da zane na biyu ta sami sabon fari na ɗaure wa dabba? Ya'u kaɗai ta gaya wa. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, mata sun daina aikawa sayen daddawa a wurin Iya.

Kyanwar kuwa ta yi ta samun sauƙi. Ta fara lasar nono, ta fara takawa tana tangaɗi saboda rashin wutsiya, Iya kuma tana ta ramewa. A kwana na tara, bayan sallar asuba, Safara'u ta leƙa ta tarar rai ya yi wa Iya halinsa.

Liman ya aiko a yi wanka, maza na haƙa kabari. Matan suka cika tsakar gida, babu wadda ta ɗaga asabarin ɗakin. Wannan ta ce goyo gare ta, waccan ta ce ba ta da tsarki. Rana ta yi sama, gawa na kwance.

"Ni zan shiga," in ji Safara'u.

Ya'u ya ce daga zaure, "Ki dai duba da kyau."

Ita ma ta san ba don Allah kaɗai ta shiga ba. Ta dafa ruwa da ganyen magarya, ta yi niyya, ta fara da dama. Da ta juya gawar, sai ta bi ƙugun da tafin hannu, ta sake bi. Fata ce ta tsufa, a yamutse, babu ko ƙwarzane.

Ta buɗe adudun da Iya ke ajiye likkafaninta, wanda ta yi damina uku tana kaɗin zarensa. Ta warware shi a kan gawar, ya tsaya a gwiwa. An yage gefensa fiye da kamu biyu, tsiri tsiri, faɗin yatsu uku uku. Safara'u ta daɗe riƙe da bakin yagar. Ashe abin da tsohuwar ta ji kunyar a gani ke nan.

Ta fito ta bi ta tsakiyar matan, ta shiga gidansu, ta ɗauko farin da Ya'u ya tanada don rigar Sallah.

"Me kika gani?" ya tambaya.

"Likkafaninta bai kai ba, Malam. Wutsiyar da ka sara ce ta cinye shi."

Bai hana ta ba. Ta zauna a bakin ƙofar Iya ta zura allura. Can Goggo Zinariya, babbar cikin matan, ta matso ta kama mata ɗaya gefen.

Bayan an tafi da makara, Safara'u ta koma ta share ɗakin. Kyanwar na kwance a inda kan Iya ya lotsa tabarma, dungun wutsiyarta ɗaure da ƙyallen fari. Safara'u ta zuba nono a sakaina, ta tura mata, ta zauna tana jira.