Baba a Cikin Talla

Bushra tana shagonta na ɗinki a Nguru, tana duba sabon yayi a waya, sai talla ta katse ta. Tun lokacin jinyar mahaifinta wayar ba ta daina turo mata tallace-tallacen maganin ƙoda ba, har ta saba ture su da yatsa. Wannan karon yatsan ya tsaya. Mahaifinta Baba Dunoma ne zaune a kan tabarmarsa, yana gyara hula yana murmushi. A ƙasa an rubuta: "Ya sha, ya warke."

Baba kuwa ya rasu tun kafin girbin shinkafar bara.

Ta kira lambar da ke jikin tallar. Wani mai sanyin murya ya ce, "Hajiya, da yardarsa muka ɗauka." Da ta gaya masa mutumin ya rasu, ya yi mata ta'aziyya, ya ce za su cire.

Washegari ta hau mota zuwa Gashua. Ta tarar da mahaifiyarta, Inna Aisa, tana shanya barkono a tsakar gida, ta miƙa mata wayar.

Inna ta daɗe tana kallo. "Na tuna ranar. Wasu samari ne suka zo unguwa gwajin ƙoda kyauta. Suka tambaye shi, ya ce in hotonsa zai sa a waiwayi masu ciwon nan na garinmu, su ɗauka."

"Amma Inna, ba don a sayar da magani ya yarda ba."

"Ko kaɗan. Kwalbar da suka bar masa ma amai ta sa shi. Ƙarya suka yi masa, su cire." Ta goge hannu a zani. "Sake kunna mini."

Bushra ta kunna. Sai a lokacin ta tuna ba su da wani hoton Baba mai motsi a gidan.

Inna ta ce, "Kafin su cire, za ki iya ajiye mini shi? Ban da rubutun."

Bushra ta yanke rubutun, ta tura wa Inna a wayarta.

Tallar ba ta ɓace nan da nan ba. Da maƙwabciyarsu Gaji, wadda mijinta ke kwance da kumburin ƙafa, ta shigo neman sunan maganin, Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta ba ta labarin yadda abin ya kasance, sannan ta yafa mayafi ta raka su asibiti.